Ludon tuwo: wata takwas ke nan yana gidana, ga abin da na gani

Ranar da ɗan adaidaita ya kawo mini kwalin wasan nan na koya wa yara daina ɓarnar abinci, maigida yana tsugune a tsakar gida yana alwalar la'asar. Ya tambayi nawa, na ce dubu shida da ɗari biyar har da kuɗin kawowa. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "A wannan marrar? Kuɗin cefane fa kika ba kwali." Ban ga laifinsa ba. Watan Agustan 2024 ne, kowa ya san halin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. A watan Yunin shekarar da na sayi wasan, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kayan abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, mu kuwa da ke aika yaro awo ba mu buƙatar a faɗa mana. Amma abin da ya sa na rufe ido na biya, tsadar ce ita kanta. Na gaji da ganin shinkafar da aka sayo da gumi tana tafiya rariya duk dare, na yi faɗa, na yi nasiha, na ɗauki bulala, ba abin da ya sauya.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki a nan Kano. Yarana huɗu: 'yar fari mai shekara 12, mai bi mata namiji mai sunan Malam yana da 9, sai takwarar Hajiya mai 7, sai Auta mai 4. Surukata Hajiya tana tare da mu tun rasuwar Malam. Wasan kuwa wata malamar firamare ce take haɗa shi da kanta, a rukunin WhatsApp na iyayen yaran Islamiyya na ga tallarsa. Yarana tun ranar farko suka sa masa suna ludon tuwo, har yau da shi muke kiransa.

Cikin kwalin akwai allon kwali mai naɗewa biyu, an zana masa gidaje sittin, hanya ce da ta tashi daga kasuwa ta bi ta ɗakin ajiya da madafi ta ƙare a faranti. Akwai ɗan ludo ɗaya na jefawa, da murafan robar lemo huɗu da aka liƙa wa hoton tukunya, ludayi, muciya da kwano, su ne 'yan wasa. Sai kati 48, launi uku: kore na cefane, rawaya na ajiya, ja na abin da ya yi saura. Kowane kati Hausa a gefe ɗaya, Turanci a ɗaya gefen. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ba wanda ya riga isa ne yake cin wasa ba. Kowa yana farawa da ƙwaya ashirin, su ne hatsinsa. In ka amsa kati ba daidai ba, ko ka faɗa gidan da aka zana ɓera ko gara ko ruɓaɓɓen tumatir, sai ka zuba wasu ƙwayoyin a wata da'ira da ke tsakiyar allo, an rubuta mata bola. Wanda ya isa faranti da hatsi mafi yawa shi ne gwani. Saboda haka yaro yana gani da idonsa bolar tana cika, nasa yana raguwa, kuma duk abin da ya shiga bola ba ya dawowa hannun kowa. Wanda ya yi tunanin wannan ya san yara.

Takardar bayani ta ce a ɗebo wake a madafi a yi ƙwayoyin da shi. Ni ban kawo komai a raina ba, na ƙirgo tamanin na zube a tabarma. Hajiya ta fito daga ɗaki ta tsaya a kanmu. "Wannan waken ci ne?" Na ce eh, Hajiya, in an gama za a mayar. Ta ce, "A gidan nan ba a wasa da abinci. Kwashe." Ta koma ciki ta fito da wani gwangwani cike da 'ya'yan tsamiya da take tarawa in an jiƙa ta kunu, ta ce da irinsu suke dara suna yara. Tun daga ranar da su muke yi. Kuma ta fi takardar gaskiya: Auta da ke watsa komai da ya taɓa, da waken ne da rabinsa ya ƙare a ƙarƙashin keken ɗinki. Na faɗa wa malamar, ta ce wallahi abin bai zo mata ba.

Katunan ajiya da na saura su ne zuciyar wasan. Ɗaya ya ce an sayo tumatir kwando guda don ya yi araha, ga shi ya fara laushi, me za a yi? Amsoshin da ake karɓa uku ne: a yanka a shanya ya zama kauɗa, a markaɗa a tafasa har ruwan ya ƙone, ko a raba da maƙwabta tun bai lalace ba. Wani ya ce tuwo ya kwana, wani ya ce an fere doya ga ɓawo, wani kuma burodi ya bushe. Waɗanda suka sani suna ihu, waɗanda ba su sani ba suna zare ido. A nan na gano abin da ya ba ni kunya ƙwarai. Katin ƙanzo ya fito wa takwarar Hajiya, aka tambaye ta me ake yi da ƙanzon tuwo, ta ce, "Ana jiƙa tukunya a wanke." Abin da take gani ina yi ta faɗa. Yarinya Bahaushiya mai shekara bakwai, a tsakiyar Kano, ba ta taɓa cin kwaɗon ƙanzo ba.

Hajiya ba ta ce mini komai ba. Washegari da aka kwashe tuwon masara, ta ce kada wanda ya zuba wa tukunyar ruwa. Ta mayar da ita kan wuta kaɗan-kaɗan har ƙanzon ya ɗago da kansa, ta ɓamɓare shi da bayan cokali, ta baza a faifai ta ɗora a kan rufin ɗakin kaji. Kwana uku tana tarawa. A rana ta huɗu ta kira su duka huɗun, ta ɓarza ƙanzon a turmi sama-sama, ta zuba masa ruwan ɗumi daidai yadda zai yi laushi ba tare da ya caɓe ba. Ta sa mai sunan Malam dakan ƙuli-ƙuli, 'yar fari yankan albasa da tumatir, ta zuba gishiri da yaji da ɗan man gyaɗa, ta cakuɗa da hannu a babbar roba. Suka zagaye robar, ba ka jin komai sai motsin baki. Da suka gama Auta ya ɗaga robar yana lasa, Hajiya ta ce a ƙyale shi, ai sunna ce, ba wanda ya san a wace loma albarkar take. Daga nan ta shiga ba su labarin gayan tuwo, da yadda ake shanya kuɓewa da rama da kaka a ci har bazara, da yadda ba a taɓa zubar da ruwan wankin gero ba sai a kai wa awaki. Shekara biyar matar nan tana gidana, ban taɓa ganin yaran sun zauna a gabanta haka ba. In da wannan kaɗai wasan ya yi mini, kuɗina sun fita.

A cikin murfin kwalin malamar ta buga abu biyu. Na farko ayar Suratul A'araf ta 31, ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, wadda yaran sun riga sun san ta daga Islamiyya, sai dai ba su taɓa haɗa ta da farantinsu ba. Na biyu kuma alƙaluma ne daga rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021, wanda ya ƙiyasta cewa kowane mutum a Najeriya yana zubar da kilo 189 na abinci a gida a shekara, alhali matsakaicin duniya kilo 74 ne. Maigida da ya karanta cewa ya yi ba dai a Kano ba. Ni ma abin ya tsaya mini, domin a gidan Bahaushe saura yana da hanyoyi da yawa kafin ya kai bola: ɗumame, almajiri, maƙwabci, akuya, kaji. Daga baya na fahimci lissafin nasu ya haɗa har da ɓawo da ƙashi da duk abin da ba a ci. Ko ma dai yaya ne, kilo 189 ba ya nufin komai ga yaro. Sai da na ce musu buhun shinkafa mai kilo hamsin guda huɗu ba kaɗan, sannan mai sunan Malam ya riƙe baki. Da malamar ta zana buhunan a murfin da ya fi. Kuma da ta ƙara ko layi ɗaya kan abin da ke lalacewa tun bai iso gida ba, don duk wanda ya taɓa shiga kasuwar 'Yankaba lokacin da tumatirin Kadawa da Kura ya yi yawa ya ga tulin da ke ruɓewa a gindin kwanduna. Bai kamata yaro ya tashi da tunanin duk asarar ƙasar nan a farantinsa take ba.

Akwai wata takarda guda da ke ƙasan kwalin, an ce aikin mako ɗaya. Ana so yara su rubuta duk abin da aka zubar a gida na kwana bakwai, da wanda ya zubar, da dalili. 'Yar fari ta karɓi aikin da gaske, ta ja layi a littafinta, ta ajiye ƙaramin bokitin fenti kusa da wurin wanke-wanke, ta ce komai sai ya bi ta nan kafin ya wuce. Ni na ɗauka sunan Auta ne zai cika shafin. Ran Juma'a da daddare ta kawo mini littafin. Abin da yaran suka rage a faranti bai taka kara ya karya ba. Mafi yawan abin da ke bokitin shinkafa da taliyar rana ce da ta rage a tukunya, sai alayyahu da attaruhu da suka ruɓe a kwando. A gaban kusan kowane layi, a wurin dalili, ta rubuta "an dafa da yawa." Ta ce a hankali, "Umma, kina auna har da na Abba, kuma Abba ba ya dawowa cin abincin rana." Shekara uku ke nan da ya koma cin na rana a kasuwa, hannuna kuwa bai daina auna na mutum bakwai ba. Na rage gwangwani ɗaya a kowace girkin rana. Ba wanda ya tashi da yunwa. Gwangwani talatin ke nan a wata, na shinkafa ko makamancinta, da nake bi da faɗa a kan yara alhali daga ma'aunina suke fita.

Kayan miyan da ke ruɓewa kuma ya kai mu ga maigida. A gidanmu, kamar gidaje da yawa, shi ke cefane. Amma duk katunan kore cewa suke Umma ta sayo, Umma ta je kasuwa, ba Abba ko sau ɗaya. Wannan gyara ne da ya kamata a yi, don mai riƙe da kuɗin cefane shi ya fi buƙatar jin tambayoyin nan. Sau ɗaya yaran suka matsa masa ya zauna aka yi da shi, katin kankana ya fito masa, aka ce gida mai mutum bakwai ba wuta, guda za a saya ko yanka? Ya ce guda mana, ta fi araha. Aka ce zuba uku a bola. Ya yi ta musu, takwarar Hajiya ta tuna masa rabin kankanar da ta yi tsami ran Talata. Yanzu kafin ya fita yakan leƙo ya tambayi me ya rage a kwando. Ban taɓa roƙonsa hakan ba.

To, yanzu ga inda wasan ya gaza, kuma ina so duk mai niyyar saya ta karanta nan da kyau.

Katunan rawaya kusan kashi ɗaya cikin uku amsarsu a saka a firij. Muna da firij, amma a unguwarmu sai a yi kwana biyu ba a ga wuta ba, wani lokaci abin da ka saka ciki ya fi na waje saurin lalacewa. Gidaje nawa ne ma ba su da shi sam? Abin ya ba ni mamaki ganin maganin yana nan kusa da mu. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami ne a Jigawa, shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tsatsowa ta jikin babbar yana bushewa, yana tafiya da zafin, cikin ƙaramar ya yi sanyi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Mun haɗa tamu da yaran a watan Fabrairu, mai sunan Malam ne mai zuba wa yashin ruwa safe da yamma. Tumatir da tattasai da ke yamushewa a kwana biyu sai su yi mana mako garas. Da damina ba ta yin aiki sosai saboda iska ta riga ta jiƙe, amma da rani da bazara, lokacin da aka fi buƙata, tana yi. Wasan da aka yi a Kano don yaran Kano bai kamata a ce babu wannan a cikinsa ba.

Babban laifin kuwa yana cikin katunan ja guda biyu. Ɗaya ya ce, ka cinye abincinka tas, ɗauki ƙwaya biyar. Ɗayan ya ce, ka zubar da abinci, koma baya gida goma. Haka kawai, ba sharaɗi. Yara kuwa abin da aka rubuta shi suke ɗauka. Bayan an koma makaranta, wata rana na sa wa mai sunan Malam alale a kula tun ƙarfe bakwai na safe. Bai ci a makaranta ba, ya dawo ya wuce Islamiyya, sai dab da magariba ya buɗe. Alalen ya fara yauƙi, shi da bakinsa ya faɗa mini daga baya cewa ya ji warin. Amma yayarsa tana nan da littafinta, ba ya so a rubuta sunansa, sai ya shige bayan ƙofa ya tura shi duka. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ji kakarinsa. Amai da gudawa har asuba, ina haɗa ruwan gishiri da sukari ina ba shi da cokali, Hajiya tana riƙe da kansa, ubansa yana zagaye tsakar gida yana jiran gari ya waye. Da safe muka kai shi asibiti, Allah ya taƙaita, kwana biyu ya warware. Ma'aikaciyar jinyar da ta duba shi ta gaya mini ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba ba a sanyi ba, in kuma za a ci saura a ɗumama shi ya yi zafi sosai har ciki. A zafin garin nan, abin wake da na shinkafa ba sa jira. Har yau in na tuna yaron nan a bayan ƙofa yana haɗiyar abin da ransa ba ya so don tsoron a ce ya yi ɓarna, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Ni na kawo wasan gidan, ni kuma ban karanta katunan duka ba kafin na miƙa musu.

Akwai kati na uku da ke da irin wannan ramin. Ya ce, ka ba almajiri sauran abinci, ɗauki huɗu. Niyyar mai kyau ce. Amma wata safiya na tsinkayi takwarar Hajiya ta nufi zaure da gudu da robar shinkafar jiya, wadda na ware don kaji saboda ta juya. Almajirin da ke zuwa mana, yaro ne da bai wuce sa'ar yayanta ba, ya riga ya miƙo robarsa. Na karɓe, na zuba masa ɗumamen da muke ci. Da na tambaye ta, ta ce ai katin bai ce wane iri ba. Na zaunar da su duka na ce almajiri ɗan wani ne, cikinsa irin naku ne, abin da ba za ku iya ci ba ba sadaka ba ne. Hajiya ta kawo musu ayar Baƙara ta 267, inda aka hana mutum ya nufi mummunan abu ya bayar alhali shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Wannan magana ta fi ƙarfin a bar ta a kati mai layi ɗaya.

Na kira malamar na gaya mata duka, raina a ɓace. A nan zan yaba mata. Ba ta kare kanta ba, ba ta ce laifin yaron ne ba. Ta yi ta salati, ta tambayi jikinsa, washegari ta zo har gida da lemo da ayaba ta duba shi. Bayan mako biyu ta aiko da sababbin kati huɗu ba ta karɓi ko sisi ba, kuma ta sanar a rukunin iyaye cewa duk wanda ya saya ya cire tsofaffin. Sabon katin yanzu cewa yake, ka ɗebi daidai cikinka, in bai isa ba ka ƙara. Wani kuma ya ce, abinci ya canza wari ko ya yi yauƙi, ka nuna wa babba, ɗauki biyar. Kafin nata su iso na riga na yanka kwalin sabulu na rubuta nawa da biro: wanda ya zubar da abin da ya lalace bai yi ɓarna ba, ɓarnar tun wajen barinsa ya lalace aka yi ta. Yana nan cikin katunan har yanzu, yaran sun ƙi a cire.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Hausar katunan mai daɗi ce, ta mutanen gari, amma wurin bugawa an zubar da ƙugiyoyin haruffa. Wani kati an so a ce an yi ɓarin miya, sai ya fito barin miya, takwarar Hajiya da ke koyon karatu ta tsaya tana tambaya wa ya bar ta. Abin koyarwa ne, ya kamata a kula. Allon ya tsage a wurin naɗi kafin wata biyu, da salatif muka ɗaure shi, su kuwa katunan an rufe su da leda mai kauri, har kunu ya zube musu ba su yi komai ba. Ɗan ludon ƙarami ne ƙwarai, mai yaro irin Auta ta sa ido kada ya kai baki. An rubuta daga shekara 5 zuwa 12, ni a ganina 6 zuwa 10 ne. 'Yar fari cikin mako uku ta haddace katunan 48 duka, daga nan ta koma alƙaliya. Zagaye ɗaya yana cin kamar minti ashirin da biyar, daidai tsakanin magariba da isha, kuma ba ya buƙatar caji ko data, wanda a wurina ba ƙaramin abu ba ne, don na gwada irin na waya, duk Turanci ne da abincin da yarana ba su taɓa gani ba.

Azumin 2025, wanda ya kama a watan Maris, shi ya nuna mini ko abin ya zauna. Kowa ya san yadda muke yi: yunwar la'asar ce ke auna girki, a yi kunu, a yi ƙosai, a soya dankali da ƙwai, a yanka kayan marmari, a kuma ɗora shinkafa, ana shan ruwa ciki ya cika, rabin abin ya kwana. Wasan ba shi da kati ko ɗaya a kan azumi, ko biki, ko suna, alhali a nan ne muka fi zubarwa. Yaran da kansu suka yanka kwali suka rubuta guda tara. Na mai sunan Malam ya ce, an soya ƙosai hamsin, mutum bakwai ne a gida, nawa za a kai masallaci tun da zafinsa? Ranar uku ga azumi ina tsaye zan wanke shinkafa, takwarar Hajiya ta zo ta tsaya kusa da ni, ta leƙa roba, ta ce, "Umma, jiya ma ba a ci ba." Na mayar da rabi cikin buhu. Daga ranar muka koma abu biyu a buɗa-baki, mai nauyin a bar shi sai bayan tarawihi in akwai mai so, kuma kason maƙwabta da na almajirai a fitar da shi tun kafin a kira salla, ba bayan an ƙoshi ba.

Mai son saya, shawarata ta tabbatar an sa mata sababbin katunan, ta zauna ta karanta duka 48 ɗin ita kaɗai kafin yara su gani, kuma zagayen farko da na biyu a yi su da babba a wurin. In akwai tsohuwa a gidan a jawo ta, don rabin amsoshin suna bakinta, har da waɗanda ba a buga ba. Malamar ta ce bugu na gaba zai zo da allo mai ƙwari, da katunan azumi da na biki, da tukunya cikin tukunya, kuma za a sa Abba a cefane. Ban jira shi ba. Makon jiya na biya na biyu don ƙanwata da ke aure a Dutse, mai yara uku. Kafin a rufe kwalin na kwafi katina na kwalin sabulu na saka, Hajiya kuma ta zauna ta ƙirga 'ya'yan tsamiya tamanin cif, ta ƙulla a leda, ta ce a gaya mata kada ta kuskura ta taɓa waken gida.